Yadda Za Ka Zaɓa wa Yaronka Kayan Wasa

Idan salla ta matso, kasuwa ta kan cika da kayan wasan yara. Ga motocin roba, ga 'yar tsana mai kuka, ga bindiga, ga wayar ƙarya mai waƙa da walƙiya. Mai tebur zai ɗaga maka wani kwali mai ƙyalli, ya ce, "Maigida, ɗauki wannan, na ilimi ne, shi ke buɗe wa yaro kai." Kai kuwa kana son ɗanka da alheri, kuɗin nan kuma da gumi ka same su. To, yaya za ka gane abin da zai amfani yaron, da abin da zai mutu kafin a gama yawon salla?

Da farko bari mu kau da wani zato. Waɗansu iyaye suna ganin wasa ɓata lokaci ne, karatu sai an shiga makaranta. Ba haka ba ne. Dubi jariri ɗan wata takwas da ya samu ludayi. Zai juya shi, ya sa a baki, ya buga a ƙasa, ya yar, ya tsaya yana kallon inda ya faɗi. Ka ɗauko masa, ya sake yarwa. Kai kana ganin fitina ce. Shi kuwa gwaji ya ke yi. Yana koyon nauyi, da tauri, da ƙara, yana koyon cewa abin da aka saki ƙasa ya kan nufa. Yaro da hannu ya ke fara karatu, tun bai san alli ba.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka a gaban tebur ita ce wannan: wa zai yi aikin, yaron ko abin wasan? Akwai motar da za ka danna mata maɓalli, ta yi gudu, ta yi jiniya, ta kunna fitila. Duk aikin ita ta yi. Yaro ya zauna ya yi kallo, bayan kwana biyu ya gaji, ya fasa ta domin ya ga abin da ke ciki. Kada ka doke shi. Fasawar nan ita ce aiki na farko da motar ta ba shi. Amma dubi motar kara, ko ta langalanga, wadda yara ke ƙerawa a bakin zaure. Sai an auna, an yanka, an daidaita ƙafafu huɗu. In ɗaya ta fi sauran girma motar ba za ta tafi sosai ba, dole a sake. Wanda ya ƙera motar kara ya yi lissafi, ko da bai san sunansa lissafi ba.

Malamai biyu na ƙasar Turai

Wannan magana ba sabuwa ba ce. A ƙasar Jamus an yi wani malami, sunansa Friedrich Froebel. A 1837 ya buɗe wani gidan wasa da aikin hannu domin ƙananan yara a garin Bad Blankenburg. A 1840 ya raɗa masa suna Kindergarten, watau lambun yara. Daga nan ne ajin share fage na ƙananan yara ya bazu cikin duniya. Froebel ya tsara kayan wasa bi da bi, ya kira su kyaututtuka. Kyauta ta farko ƙwallaye shida ne masu taushi na zaren ulu, kowace da launinta. Ta biyu katako ne guda uku: ɗaya mulmulalle, ɗaya mai siffar ganga, ɗaya mai kusurwoyi kamar ƙaramin akwati. Ta uku akwatin katakon nan ne aka yanka shi gida takwas, yaro ya wargaza, ya gina abin da ya ga dama, sa'an nan ya mayar da shi yadda ya ke. Ka lura, ba batir, ba waƙa.

A ƙasar Italiya kuma an yi wata likita, Maria Montessori. A watan Janairu na 1907 ta buɗe gidan yara a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Cikin kayan da ta yi aiki da su akwai wani gungumen katako mai ramuka goma, da 'yan turaku goma, kowane da raminsa. In yaro ya sa siriri a babban rami, daga baya zai tarar da mai kauri ya rasa wurin shiga. Ba wanda zai ce masa ya yi kuskure. Katakon da kansa ya gaya masa, shi kuma ya gyara. Wannan ita ce alama ta biyu ta abin wasa mai kyau: ya nuna wa yaro kuskurensa ba tare da tsawa ba. Uwargida, ƙoranki da faya-fayanki suna wannan aiki. Jera wa yarinya ƙore huɗu manya da ƙanana, ki bar ta ta shigar da su cikin juna, ko ta nema wa kowace tukunya murfinta.

Abin da aka gani a Jamaika

Wani zai ce, "Ai wannan zancen masu kuɗi ne." To, saurari abin da ya faru a tsibirin Jamaika, can kusa da Amurka.

A 1986 da 1987 wata likita, Sally Grantham-McGregor, da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 a unguwannin talakawa na birnin Kingston. Yaran 'yan wata 9 ne zuwa wata 24, dukansu sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci. Aka raba su kashi huɗu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su madarar gari kilo ɗaya kowane mako. Kashi na biyu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya, ta zo gida sau ɗaya a mako, ta yi awa ɗaya tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, da yadda za ta yi masa hira. Kashi na uku suka samu duka biyu. Kashi na huɗu kuwa ba madara, ba darasin wasa, sai duba lafiya kawai. Haka aka yi ta yi har shekara biyu.

Kayan wasan da ma'aikaciyar ke kawowa ba na kanti ba ne. Da hannu aka yi su, daga tarkacen gida, tare da 'yan littattafan hotuna. Ta kan bar abin wasa a gidan, mako mai zuwa ta karɓa ta ba da wani. Ta kan koya wa uwa ta riƙa faɗin sunan abin da yaro ya taɓa, ta riƙa yaba masa in ya yi daidai.

Likitocin ba su rabu da yaran ba. Suka yi ta bin labarinsu har suka zama samari da 'yan mata. A 2014 aka buga sakamakon. Da yaran suka kai wajen shekara 22, waɗanda aka koya wa iyayensu wasa suna samun kuɗin aiki fiye da waɗanda ba a koya wa iyayensu ba da kamar kashi 25 cikin 100. Watau in wannan ya samu naira huɗu, wancan ya samu biyar. Har sun kamo tsararsu waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Madarar ta taimaka da farko, amma da aka girma ba a ƙara ganin bambancinta ba. Kada wani ya ɗauka abinci ba shi da amfani, yaro mai yunwa ba ya ko iya wasa. Abin lura shi ne, abin da ya daɗe yana aiki a jikin yaran nan ba tsadar kayan wasa ba ce, domin kayan ba su da tsada. Zaman uwa da ɗanta ne, da maganar da ke shiga tsakaninsu a kan abin wasan.

Abin wasa mai magana

Wannan ya kawo mu ga kayan nan masu batir, masu kiran harufa da lambobi, waɗanda aka fi rubuta wa "na ilimi" a jikin kwali.

A Amurka, a jihar Arizona, wata malamar jami'a mai suna Anna Sosa ta yi wani gwaji da aka buga a 2016. Ta ba iyaye 26 masu jarirai 'yan wata 10 zuwa 16 kayan wasa iri uku: masu batir da ke magana, da na katako da roba marasa batir, da littattafan hotuna. Ta ɗauki maganar da a ke yi a gida lokacin wasa. Sai ta tarar in abin wasa yana magana, iyaye su kan yi shiru. Kalmomin da su ke faɗa wa jariri sun ragu, amsa masa da su ke yi ta ragu, shi ma gwarancinsa ya ragu. Wajen littafi aka fi yin hira, sa'an nan wajen kayan da ba su da batir.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yaro yana koyon magana daga wanda ke amsa masa. Ya ce "ba", uwa ta ce "E, ga Baba can ya dawo." Ya nuna akuya, yayarsa ta ce "Akuya ce, me ta ke ci?" Akwatin roba ba ya ganin abin da yaro ya nuna. Abin da aka ɗura masa shi zai yi ta maimaitawa, da Turanci ko da Sinanci, har batir ya ƙare.

Kalmar "na ilimi" kuwa, mai sayarwa ne ya rubuta ta. A Amurka an yi wani faifan bidiyo na jarirai mai suna Baby Einstein, iyaye suka saya da yawan gaske, suna zaton zai sa 'ya'yansu kaifin basira. Aka yi ta gardama a kan ko akwai hujjar haka, har a 2009 kamfanin Disney, mai faifan a lokacin, ya yarda ya mayar wa masu saye kuɗinsu. Yanzu ba faifai a ke ba yara ba, waya a ke miƙa musu domin su yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban talabijin ko waya. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

Yawa ma ba shi ne ba. A Jami'ar Toledo ta Amurka an gwada yara 36, 'yan wata 18 zuwa 30. Wani lokaci a sa yaro a ɗaki da kayan wasa 4, wani lokaci da 16. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna in kayan 4 ne yaro ya fi daɗewa a kan kowane, ya kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. In 16 ne sai ya taɓa wannan ya yar, ya taɓa wancan. Saboda haka in Allah ya hore maka, ko kawunnai da gwaggonni sun tara wa yaro kaya, kada ka zube masa duka. Fito da uku ko huɗu, ka ɓoye sauran a adaka. Bayan mako biyu ka musanya. Zai karɓe su kamar sababbi.

Kowace shekara da nata

Jariri kafin ya yi rarrafe ba ya bukatar a kashe masa kuɗi. Fuskar uwarsa, da muryarta, da wani abu mai ƙara da zai iya riƙewa sun isa. Ƙaramar gora mai tsabta da aka zuba wa tsakuwa, aka liƙe murfin gam yadda ba zai buɗe ba, ta zama kacau-kacau.

Daga shekara ɗaya zuwa uku yaro yana son zubawa da kwashewa, da ɗorawa da rushewa, da ja da turawa. Ba shi kwano da manyan abubuwa ya zuba ya juye. Ba shi kwali ya tura. Ba shi ƙwallo babba. In za ka je wurin kafinta, roƙe shi guntayen katakon da ya ke zubarwa, ya yanka maka su daidai da juna, ya goge su sumul da sanfefa kada sartse ya shiga hannun yaro. Guda ashirin sun isa, kuma kada a shafa musu fenti. A ganina babu abin wasan da ya fi waɗannan guntaye riba. Ɗan shekara ɗaya ya ɗora biyu. Ɗan shekara uku ya gina gida. Ɗan shekara shida ya gina kasuwa da tasha, ya ƙirga rumfuna. Abu guda, yara uku, kuma ba ya lalacewa.

Daga uku zuwa shida lokacin kwaikwayo ne. Yarinya ta goya 'yar tsana, ta dafa tuwon ƙasa, ta aurar da ita. Yaro ya zama direba, ko mahauci, ko liman. Kada ku raina wannan. Mai tuwon ƙasa tana tsara labari, tana raba wa ƙawayenta aiki, tana koyon jiran layi da sasanta rigima. 'Yar tsanar da aka ɗinka da ƙyalle ta fi mai batir a nan, domin mai batir kukanta ɗaya ne, ta ƙyalle kuwa duk abin da yarinya ta so shi za ta faɗa. A wannan shekaru ne kuma za a ba yaro yumɓu ya gina shanu da tukwane, a ba shi alli da allo ko fensir mai launi da takarda, a ba shi zare da manyan duwatsun ado ya shirya. Duk waɗannan suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami gobe. Yanke hoton tsohuwar kalanda, ka manna a kwali, ka yanyanka shi gida huɗu, ka ce ya haɗa. In ya iya, mayar da shi gida takwas.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa wa iyaye maza. Mun saba mota da katako na namiji ne, 'yar tsana ta mace. Amma gini da haɗa abubuwa suna koyar da awo da siffa, waɗanda su ne tushen lissafi, kuma 'ya mace za ta shiga ajin lissafi kamar ɗan'uwanta. Yarinyar da ke iya ba da canji daidai a wurin talla, kanta ba ya gaza na kowa. A ba ta katakon ita ma.

Akwatin aikin hannu

Daga shekara shida ko bakwai yaro yana son abin da zai ce, "Ni na yi." A nan a ke samun akwatuna da aka haɗa kayan aiki guda a ciki: na haɗa fitila da batir da waya, na saƙa da ɗinki, na zane, na gina mota ko jirgi. Waɗansu suna da kyau ƙwarai. Waɗansu kuwa kwalin ya fi abin da ke ciki.

Kafin ka biya, ce wa mai kanti ya buɗe. Ƙirga kayan, ka gwada da hoton da ke bayan kwalin. Sa'an nan ka tambayi kanka, in an gama haɗa abin nan sau ɗaya, an gama ke nan? Akwatin da ke yin abu guda tak, kamar jirgin da za a manna da gam a ajiye a kan kabad, wasan yini ɗaya ne. Wanda a ke warwarewa a sake gina wani abu, shi ne na shekaru. Tubalan roba na LEGO sun yi suna saboda haka. Wani kafinta ne a garin Billund na ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, ya fara yin kayan wasan katako a 1932, tubalin roba mai maƙalewa irin na yanzu kuma aka yi masa rajista a 1958. Masana lissafi sun ƙirga cewa tubali shida masu ƙulli takwas-takwas za a iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Na ainihi suna da tsada. Akwai na kwaikwayo masu araha, amma ka gwada biyu a hannunka. In ba su kama juna sosai ba, ginin zai yi ta rushewa, yaro ya yi fushi ya bari.

Duba kuma ko abin da zai ƙare ana samunsa a kasuwarku. Akwatin lantarki mai aiki da batirin tocila ya fi mai wani batir da sai an aika birni. Duba takardar bayani. In da harshen da ba mai jinsa a gidan aka rubuta ta, to sai in hotunanta sun isa a bi. Kuma ka auna ƙarfin yaronka. Abin da ya yi masa sauƙi zai gundure shi. Abin da ya fi ƙarfinsa nesa, kai za ka ƙarasa haɗawa yana kallo, ka ga kuɗinka kai ka yi wasa da su. Nemi wanda zai iya yawancinsa shi kaɗai, sauran da ɗan taimako.

Kana kuma iya haɗa naka akwatin. Batirin tocila biyu, ƙaramin ƙwan tocila, da guntuwar waya sun isa yaro ya gane cewa wuta ba ta kamawa sai hanya ta zagayo ta haɗu. Daga nan ya sa cokali a tsakani, ya sa tsinke, ya sa roba, ya ga wanne ke barin lantarki ya wuce. Amma ka ja masa kunne da kyau, wannan wasa da batir kaɗai a ke yinsa, ba a kusantar soket na bango. Ko kuwa ka ba shi kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga da ƙwayar wake uku a jikin gilashin. Kullum da safe ya duba, ya auna tsiron da tsinke, ya zana abin da ya gani. Zai ga saiwa ce ke fara fitowa, kuma ko ya kifa ƙwayar, saiwar ƙasa za ta nufa.

Abin da ke kashewa

Yanzu ga magana mai nauyi. Abin wasa yana iya hallaka yaro, kuma wannan ya fi duk abin da muka faɗa a baya muhimmanci.

Yaron da bai kai shekara uku ba, kome ya samu baki ya ke kai shi, maƙogwaronsa kuwa ƙanƙane ne. A Amurka da Turai ana gwada kayan ƙananan yara da wani ɗan bututu mai faɗin santimita uku da 'yan kai. Duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya, an hana sayar da shi domin 'yan ƙasa da shekara uku. Kai ma kana da ma'auni. Haɗa babban yatsanka da manuni su yi zobe. Abin da ya wuce ta cikin zoben nan, kada ka ba ƙaramin yaro. Ja idon 'yar tsana, ja ƙafar mota, ka ga ko za su cire. Murfin kwalba, da ƙwallon dabino, da 'ya'yan tsamiya suna da kyau wajen koyon ƙirga, amma na manyan yara ne, kuma a kwashe su kafin mai rarrafe ya iso. A jikin kwali ka kan ga hoton fuskar jariri cikin jan da'ira an ja mata layi, an rubuta 0-3. Ma'anarsa, ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne. Wannan ba zancen wayon yaro ba ne, zancen maƙogwaronsa ne.

Balan-balan da ta fashe, ko wadda ba a hura ba, tana iya liƙe hanyar numfashi. Tsince guntayen nan da nan. Igiya mai tsawon da za ta zagaye wuya, yanke ta. Ledar da aka naɗo abin wasa, kada a bar wa yaro ya sa kai a ciki.

Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda ke cikin kayan wasa masu walƙiya da agogo. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa biyu. Kada ka sayi abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure shi da kusa mai juyawa ba. In kuwa kana zaton yaro ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a jira a ga abin da zai faru, a tafi asibiti a lokacin. In ya wuce shekara ɗaya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu kowane minti goma a kan hanya, har sau shida, domin tana rage ƙunar. Amma kada neman zuma ya jinkirta tafiya, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma. Haka ƙananan mayen ƙarfe masu ƙarfi. In yaro ya haɗiye biyu, su kan jawo juna ta cikin hanji har su huda shi.

Sai fenti. Waɗansu fentin akwai dalma a cikinsu. Mutanen ƙasar nan sun san sharrin dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da a ke niƙawa a cikin gidaje. Dalmar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma ko kaɗan ce tana taruwa a jiki, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Ko manyan kamfanoni abin ya taɓa shafarsu. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasa fiye da miliyan ɗaya daga kasuwa saboda dalma a fenti, ya kuma janye wajen miliyan 18 saboda mayen ƙarfe da ke ficewa. Ido ba ya gane fenti mai dalma. Saboda haka abin wasan da fentinsa ke ɓarewa, ko tsohon ƙarfe mai fenti da aka tsinto a gwanjo, kada ya je hannun mai sa abu a baki. Masu ƙera motar langalanga kuma a duba musu bakin gwangwanin, a lanƙwashe kaifin, kuma kada su taɓa gwangwanin maganin ƙwari ko tsohon batirin mota.

Bindigar roba mai harba 'yan duwatsu, wadda ke yawa a lokacin salla, ba ta koyar da kome, ido kuwa guda biyu ne kawai. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayenta.

Wasannin da ba a saye

Kafin ka tafi kasuwa ma, dubi abin da ke tsakar gidanka. Carafke tana koyar da ido da hannu su yi aiki tare, tana koyar da ƙirga. 'Yar gala-gala da langa suna ƙarfafa jiki. Kacici-kacici da tatsuniya bayan sallar lisha suna cika kan yaro da kalmomi, musamman in Kaka ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, me ku ke zato Gizo zai yi?"

Dara kuwa, a raina ta a yi asara. Gurbi 30 ne a ƙasa, layi biyar gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya daga na abokinsa. Yaro ɗan shekara bakwai yana iya fara ta. Da farko zai riƙa duban nasa kawai, a yi ta cinye shi. Sannu a hankali zai fara tambayar kansa, "In na matsa nan, shi ina zai matsa?" In kana koya masa, kada ka bar shi ya ci da gangan kullum, zai gane. Ka cire biyu daga cikin 'ya'yanka tun farko, sa'an nan ka yi wasa da gaske. Ran da ya cinye ka haka sau uku a jere, mayar da ɗaya.